Tsohon Labari a Sabon Baki: Muhawara kan Mawaƙan Panjab da Ƙissoshin Soyayya

A shekarar 1766 wani malami mai suna Waris Shah ya kammala wata doguwar waƙa a garin Malka Hans na ƙasar Panjab, ƙasar da a yau take rabe tsakanin Pakistan da Indiya. Labarin da ya waƙe, wato soyayyar Hir da Ranja, ba shi ya ƙago shi ba, kuma tun a farkon waƙar ya bayyana cewa abokai ne suka roƙe shi ya sabunta musu tsohon labari. Kafin shi an yi Damodar, mutumin Jang da ake danganta shi da zamanin Sarki Akbar na daular Mugal, an yi Ahmad Gujjar, an yi Mukbil, kowannensu ya tsara wannan labari a waƙe. Bayansa ma mawaƙa da dama sun sake komawa kansa. Haka abin yake ga labarin Mirza da Sahiba, da na Sohni da Mahiwal, da na Sassi da Punnu: labarai 'yan kaɗan, mawaƙa masu yawa, ƙarni bayan ƙarni. Duk mai nazarin adabin harshen Panjabi sai ya ci karo da wannan tambaya: shin yawan maimaita tsofaffin ƙissoshin soyayya da manyan mawaƙan harshen suka yi alama ce ta ƙarancin basira da sakaci da tarbiyya, ko kuwa a nan ne ƙarfin adabin nasu yake kwance? Kowane ɓangare yana da hujjojin da suka cancanci a saurara, kuma ba za a yi wa maganar adalci ba sai an ba kowa damar baje nasa.

Galibin masana suna fara tarihin rubutacciyar waƙar Panjabi daga Shaihu Faridu, wanda ake kira Baba Farid, babban shehin ɗariƙar Cishtiyya da ya zauna a garin da yanzu ake kira Pakpattan a ƙarni na 13. Baitocin da aka danganta masa gajeru ne, na wa'azi da tuna mutuwa da gudun duniya, kuma sun iso ga mutanen yau ne saboda an shigar da su cikin littafi mai tsarki na mabiya addinin Sik, wanda Guru Arjan ya tattara a 1604. A wancan zamani Farisanci ne harshen fada da na ilimi, Panjabi kuwa harshen gona ne da kasuwa da cikin gida. Mawaƙin da ya zaɓi ya yi magana da talakawa da harshensu dole ya nemi abin da suka sani, kuma abin da manomi da makiyayi da mai kaɗi suka fi sani shi ne labaran masoyan da aka raba. Shah Husaini na Lahor, wanda ya rasu a 1599, yana cikin na farkon da suka ari muryar Hir a gajerun waƙoƙinsu na sufanci, Bulleh Shah na Kasur, wanda ya rasu a 1757, ya bi sahunsa. A gefe guda kuma wasu suka ɗauki labaran gaba ɗaya, daga haihuwa har kabari, suka mai da su dogayen waƙoƙi da ake rerawa a dandali. Pilu da Hafiz Barkurdar sun waƙe Mirza da Sahiba, Hashim Shah ya shahara da Sassi da Punnu, Fazal Shah kuma da Sohni da Mahiwal a ƙarni na 19.

Hujjar farko ta masu suka ita ce ta ƙirƙira. Suna cewa darajar mawaƙi tana cikin kawo abin da babu, kuma adabin da manyan ayyukansa duka suke zagaye labarai huɗu ko biyar ya nuna cewa ya tsaya cik. Mai sauraro ya san tun kafin a buɗe baki cewa za a yi wa Hir auren dole, ya san ƙanwar mijin Sohni za ta musanya mata gasasshen tulun da take tsallaka kogin Cinab da shi da ɗanye, ya san Sassi za ta mutu a hamada tana bin sawun raƙumin da aka gudu da mijinta a kansa. Idan an san ƙarshen magana, me ya rage wa na goma da ya zo faɗin ta? Suna ƙarawa da cewa hatta tsarin waƙoƙin aro ne daga dogayen waƙoƙin Farisanci irin na Nizami da Jami, inda ake buɗewa da yabon Ubangiji, a bi da na Manzo, sannan sahabbai da shehunai, kafin a shiga labari. Wasu labaran ma, kamar Laila da Majnun, da Shirin da Farhad, da Yusuf da Zulaiha, daga Larabawa da Farisawa suka shigo. A ganin masu wannan ra'ayi, mawaƙan sun fake ne a inuwar labarin da ya riga ya samu karɓuwa don su tsira daga wahalar gina nasu.

Wannan hujja tana da kyau a baki, amma ba ta jure kwatanci. Wanda ya ajiye waƙar Damodar kusa da ta Waris Shah zai ga ayyuka biyu ne mabambanta da suka yi tarayya a sunayen mutane. Damodar yana ba da labarin a matsayin wanda ya gani da idonsa, cikin harshe mai sauƙi, kuma a wajensa masoyan ba su mutu ba, sun bar ƙasar sun nufi Makka. Waris Shah ya rufe nasa da guba: bayan sarki ya yanke hukuncin a ba Ranja matar, sai dangin Hir suka lallaɓe shi ya koma gida ya zo da 'yan ɗaurin aure, suka kashe 'yarsu kafin ya dawo, shi ma ya faɗi ya mutu da jin labarin. Sauya ƙarshen labari sauya hukunci ne a kan al'umma gaba ɗaya. Damodar yana nuna cewa gaskiya tana da mafita ko da a wata ƙasa ce, Waris Shah kuwa yana nuna cewa girman kan dangi ya fi ƙarfin hukuncin sarki. Kuma ba a raba wannan da zamanin da ya rayu a ciki. Nadir Shah ya ratsa Panjab ya wawashe Delhi a 1739, Ahmad Shah Abdali ya yi ta kai hare-hare daga 1748 har zuwa shekarun da ake rubuta waƙar, ikon Mugal ya wargaje, rundunonin Sik suka karɓi Lahor a 1765. Mawaƙin da ya ga haka da idonsa ba zai iya rubuta duniyar da adalci yake cin nasara cikin sauƙi ba. Ƙasar gini ɗaya ce, magina ne suka bambanta, kuma a hannun magini ake gane gwaninta.

Akwai kuma abin da sanin labari yake 'yanta mawaƙi ya yi. Tunda masu sauraro ba sa jiran jin abin da zai faru, hankalinsu yana komawa kan yadda aka faɗe shi da ma'anar da aka ba shi. Wannan ne ya ba Waris Shah sararin zuba rayuwar ƙauyen Panjab cikin waƙarsa: rabon gonar gado da yadda 'yan'uwa suka ba Ranja marar kyau bayan rasuwar mahaifinsu a Takht Hazara, gorin matan yayyensa da ya kore shi daga gida, cacar bakinsa da limamin da ya ƙyamaci gashinsa da sarewarsa, mai fiton da ya nemi kuɗi kafin ya tsallakar da shi, nau'o'in ɓaunayen gida da yake kiwo wa Cucak mahaifin Hir, tufafi da kayan zaƙi da kayan ɗakin amarya, matakan ƙabilu da sana'o'i. Mafi yawan waƙar jayayya ce, mutum biyu suna musayar hujja: Hir da mahaifiyarta, Hir da alƙali, Ranja da malamin masu zuhudun Hindu a dutsen Tilla Jogiyan inda ya huda kunne ya shafa toka, Ranja da Sahti ƙanwar mijin Hir. Labarin ya zama zauren da al'umma take shari'ar kanta. Sabon labari da ba wanda ya sani ba zai ɗauki wannan nauyi ba, domin rabin ƙarfin mawaƙin zai tafi wajen gabatar da mutane da wurare. Batun aro daga Farisanci kuwa gaskiya ne, amma abin da aka aro shi ne tsari, yayin da kogin Cinab da kurmin Jang da makiyayi mai sarewa duka na gida ne.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce ta tarbiyya da addini. Masu ita suna cewa waɗannan labarai suna ɗaukaka 'yar da ta bijire wa iyayenta, da matar aure da take fita da dare wajen wani namiji, da saurayin da ya sace yarinya ana gab da ɗaura mata aure. Sohni matar wani ce lokacin da take tsallaka kogi. Hir tana gidan mijinta Saida na dangin Kera lokacin da ta haɗa baki da Sahti aka yi ƙaryar saran maciji don a kawo Ranja a matsayin mai magani. A cikin waƙoƙin kuma liman da alƙali kusan kullum su ne marasa kirki, masu kwaɗayi da karɓar na goro. Idan aka ce musu ai ma'anar ta sufanci ce, masoyiya tana wakiltar rai mai neman Ubangijinsa, sai su amsa cewa makiyayin da yake rera waƙar a daji da budurwar da take ji a bayan danga ba wannan ma'ana suke ɗauka ba. Suna kuma nuna cewa a waƙar Waris Shah akwai wuraren da harshe ya yi tsauri da batsa, waɗanda babu tawilin da zai mai da su zikiri. A wajensu lulluɓin sufanci mayafi ne da aka rufa wa labarin sha'awa don ya samu shiga zauren malamai.

Dole a yarda cewa ba duk mai sauraro ne yake hawa zuwa ma'ana ta sama ba, kuma ba kowane baiti ne yake da ita ba. Amma hujjar ta tsallake abin da yake tsakiyar labarin Hir, wato yarda. A gaban alƙalin da aka kawo ya ɗaura auren, Hir ta ƙi amincewa, ta kuma yi jayayya da shi da hujjojin addini, aka ɗaura ba da yardarta ba. Galibin Musulmin Panjab mabiya mazhabar Hanafiyya ne, kuma a wannan mazhaba uba ba shi da ikon tilasta wa baligar 'yarsa aure, budurwa ce ko bazawara. A Sahihul Buhari ma an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Hansa'u 'yar Hizam da mahaifinta ya ɗaura mata tana ƙi. Ke nan a ma'aunin fiƙihun da mutanen ƙasar suke bi, alƙalin ne ya kauce, kuma abin da ya sa iyayen suka ƙi Ranja shi ne sun ɗauke shi ɗan kiwo, ba sa'an gidansu na sarautar Siyal ba. Waris Shah Sharifi ne da ya yi karatun addini, ya zauna a masallaci, ya buɗe waƙarsa da yabon Allah da Manzo da halifofi huɗu da Baba Farid. Abin da yake suka shi ne malamin da ya sayar da hukunci ga mai dukiya, da al'adar da ta ɗora asali da ƙasar noma a bisa shari'a. Suka irin wannan tsohuwa ce a adabin Musulmi ko'ina, kuma malamai na ƙwarai su ne suka fi kowa yin ta.

Game da tawilin sufanci, abin lura shi ne mawaƙan ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba, kuma wannan saɓani yana nuna cewa da gaske suke tunani da labarin. A wajen Shah Husaini da Bulleh Shah, Hir ita ce bawa mai bege, Ranja kuma alama ce ta Abin Ƙauna na haƙiƙa, har mai bege ya narke cikin ambaton wanda yake bege. Waris Shah a ƙarshen waƙarsa ya fassara ta wata hanya dabam, inda Hir take matsayin rai, Ranja kuma gangar jiki, waliyyai biyar da suka sa wa soyayyarsu albarka kuwa gaɓoɓin ji biyar. A Sindh maƙwabciyar Panjab, Shah Abdul Latif, wanda ya rasu a 1752, ya ɗauki Sassi da Sohni ya bar yawancin labarin, ya tsaya a kan lokacin gwaji kaɗai: mace ita kaɗai a hamada, mace ita kaɗai a tsakiyar ruwa. Da labarin mayafi ne kawai, da ba a sha wahalar ɗinka shi ta fuskoki da yawa haka ba. Sai dai adalci ya sa a ce wannan amsa ta fi ƙarfi ga Hir da Sassi, waɗanda suke da hujjar yarda ko ta aure, ta kuma yi rauni ga Mirza da Sahiba, labarin da ya fi karkata ga jarumtaka da fansa fiye da bege.

Daga nan ne hujja ta uku take tasowa, wadda a ganina ta fi duka wuyar amsawa, kuma daga masu kare haƙƙin mata take fitowa. Suna cewa kusan kowane ɗaya daga cikin labaran nan yana ƙarewa da gawar mace, kuma mawaƙa sun ƙawata wannan mutuwa har ta zama abin sha'awa. Al'ummar da take zuwa ziyara hubbaren Hir a Jang, tana zubar da hawaye idan an rera rabuwarta da gidan iyaye, ita ce kuma take hukunta 'yar da ta zaɓi miji da kanta. Kisan da ake yi da sunan kare mutuncin dangi bai gushe ba a ɓangarorin Panjab biyu, har sai da majalisar dokokin Pakistan ta tsaurara doka a kansa a 2016, shekara 250 cif bayan waƙar Waris Shah. To wane gyara waƙar ta kawo? Ƙari a kan haka, mawaƙan kansu ba su tsira daga raina mata ba. A labarin Mirza, bayan ya gudu da Sahiba a kan goɗiyarsa Bakki, ya kwanta barci a gindin bishiya duk da gargaɗinta, ita kuma ta raba shi da kibansa don kada ya kashe 'yan'uwanta, suka iso suka kashe shi. Pilu da waɗanda suka bi shi sun ɗora mata laifin cin amana, aka mai da sunanta misalin rashin alkawarin mata, alhali girman kan Mirza ne ya kwantar da shi a inda bai kamata ba. Waris Shah ma ya sa maganganu masu zafi a kan mata a bakin wasu mutanen waƙarsa, kuma ana tsinto su ana yawo da su kamar karin magana.

Ba a kore wannan hujja da musu, domin abin da ta faɗa ya faru. Waƙa ba ta hana kisa ba, kamar yadda wa'azi bai kawar da zalunci daga duniya ba. Abin da za a iya cewa shi ne ta hana a manta da sunan abin. A cikin tunanin jama'ar Panjab, Kaido, gurgun nan na dangin Hir da ya yi ta kai gulma har aka raba su, ya zama sunan da ake kiran duk mai shiga tsakanin mutane da sharri, kuma babu uban da yake so a kwatanta shi da waɗanda suka ba 'yarsu guba. Al'ummar da take aikata laifi tana kuma rera waƙar da ta kira shi laifi tana ɗauke da shaida a kan kanta, kuma da wannan shaida masu neman gyara suke kafa hujja. Mafi muhimmanci kuma, maganin aibin da ke cikin tsofaffin waƙoƙin ya fito ne daga al'adar maimaitawar kanta. A ƙarni na 19 Kadir Yar ya waƙe labarin Puran Bagat, ɗan Sarki Salwan na Siyalkot, wanda amaryar mahaifinsa mai suna Luna ta neme shi ya ƙi, ta yi masa ƙazafi, aka yanke masa hannuwa da ƙafafu aka jefa shi rijiya. A wannan waƙa Luna muguwa ce kawai. A 1965 Shiv Kumar Batalvi ya sake waƙe labarin daga bakin Luna, ya tambayi wanda ya aurar da yarinya ƙarama ga tsohon da ya yi sa'an mahaifinta, da dalilin da zai sa a la'ance ta a ƙyale shi. Aikin ya samu babbar lambar yabon adabi ta Indiya, ta Sahitya Akademi, a 1967. Da Batalvi ya ƙirƙiro sabuwar mace da sabon sarki, da maganarsa ba ta girgiza kowa ba. Ta yi tasiri ne domin kowa ya riga ya yanke wa Luna hukunci tun yana yaro, sai ga wani ya ɗaukaka mata ƙara.

Masu goyon bayan al'adar suna da wata hujja ta tarihi da bai kamata a tsallake ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Panjab a 1849, sai suka zaɓi Urdu ya zama harshen kotu da ofis da makaranta, aka bar Panjabi ba shi da gata a hukumance. Duk da haka harshen bai durƙushe ba, kuma masaniyar tarihi Farina Mir ta nuna a littafinta na 2010 cewa ƙissoshin nan suna cikin manyan abubuwan da suka riƙe shi, domin maɗaba'o'in Lahor da Amritsar sun yi ta buga su a ƙananan littattafai masu araha, ana saye ana rerawa ga waɗanda ba su iya karatu ba. An buga su da baƙaƙen Larabci da Musulmi suke amfani da su, an kuma buga su da rubutun Gurmuki na mabiya Sik. Damodar mabiyin addinin Hindu ne, Waris Shah Musulmi, Bai Gurdas, babban malamin Sik da ya rubuta littafinsu mai tsarki da hannunsa, ya ambaci waɗannan masoya a waƙoƙinsa a matsayin misalin ƙauna ta gaskiya, kuma a ƙarni na 19 mawaƙan Sik irin su Kishan Singh Arif sun rubuta tasu Hir. Ƙasar da addini ya raba mutanenta a masallaci da wurin bauta ta samu abu ɗaya da kowa yake cewa nasa ne. Shi ya sa lokacin rabuwar 1947, da aka yanka Panjab biyu, miliyoyi suka bar gidajensu, aka kashe dubban ɗaruruwa, aka kuma sace mata masu ɗimbin yawa, mawaƙiya Amrita Pritam, 'yar gidan Sik da ta baro Lahor, ba ta kai kukanta ga shugaban siyasa ba, sai ga Waris Shah a kabarinsa, mutumin da ya yi wa mace ɗaya kuka a da. Mutanen ɓangarorin biyu sun gane abin da take nufi ba tare da sharhi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai sauran ƙorafi ɗaya da yake da gaskiya a cikinsa, kuma shi ne yake nuna iyakar abin da za a yarda da shi. Saboda labarin na kowa ne, sai wasu suka ɗauka cewa waƙar ma ta kowa ce. A zamanin ɗab'i masu buga littattafai da ƙananan mawaƙa sun cusa baitoci masu yawa cikin waƙar Waris Shah, suka sayar da su da sunansa, har littafin ya kumbura ya wuce asalinsa nesa ba kusa ba, kuma sai da masana suka koma ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu a ƙarni na 20 kafin a fara tace na gaske daga na ƙari. Wannan ɓarna ce, kuma ta sha bamban da abin da Mukbil ko Hashim Shah ko Batalvi suka yi. Wanda ya sake faɗin labari da sunansa ya shiga muhawara a fili, ana iya auna shi da na gabansa, a yaba ko a kushe. Wanda ya sa maganarsa a bakin mamaci ya saci martabar wani, ya kuma ɓata shaidar tarihi. Haka nan fina-finan da suka ɗauki waɗannan labarai, irin su guda biyu da aka yi kan Hir da Ranja a 1970, ɗaya a Indiya ɗaya a Pakistan, ana auna su ne da ko sun riƙe jayayyar da ke cikin labarin, ko kuwa sun zubar da ita sun tsira da rawa da kuka.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, hukuncina yana tare da mawaƙan, bisa sharaɗi. Zargin ƙarancin basira bai tsaya ba, domin bambancin da ke tsakanin Damodar da Waris Shah ya isa shaida cewa ƙirƙira tana iya kasancewa cikin hukuncin da mawaƙi ya yanke wa labari. Zargin ɓata tarbiyya ya tsaya da ƙafa ɗaya, domin akwai wuraren da waƙoƙin suka wuce gona da iri, amma ginshiƙin mafi shaharar su kare yardar mace ne da fallasa alƙalin da ya ci amanar shari'a. Zargin ƙawata mutuwar mata da ɗora musu laifi yana nan daram, kuma ba a biya shi sai da sabbin maimaitawa irin ta Luna. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan magana, domin ta hanyar fina-finan Indiya da aka daɗe ana kallo a Kano da Kaduna da Zindar, salon labarin masoyan da dangi suka raba ya shigo ya haɗu da namu damuwar kan auren dole, ya kuma bayyana a littattafan soyayya da fina-finan Hausa, inda ake yi musu irin zargin da aka yi wa mawaƙan Panjab. Ma'aunin da ya dace a can shi ne ya dace a nan. Marubucin da zai ɗauki tsohon labari ya faɗi inda ya samo shi, ya sa sunansa a kan nasa, ya dasa shi a ƙasarsa da zamaninsa, kuma ya zo da tambayar da waɗanda suka gabace shi ba su yi ba. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa ya yi aikin adabi na gaske, wanda ya kasa kuwa kwafa ya yi, ko da labarin da ya ɗauko ya kai shekara dubu.